Ramin Tokar Alhaji Tukur

Alhaji Tukur mai injin gyaɗa shi ya ƙone ƙafafun ɗiyata Huseina. Na faɗa a ƙofar gidana, na faɗa a tsakiyar kasuwar Bungudu, na faɗa gaban alƙali a Gusau, ga shi kuma ina ƙara faɗa. Masu ce mini ƙaddara ce, na ji, ƙaddara ce. Amma ta hannun mutum ta biyo, mutumin kuma yana da suna, yana da gidan bene a Tudun Wada.

Ni ce Ladidi mai sabulu. Sabulun salo nake yi tun ban san ciwon baya ba, uwata ma da shi ta rufa mana asiri. Tagwaye na haifa, Hassana ta koma tun tana goye, Huseina ta tsaya. Da mijinta ya rasu ta dawo ɗakina da 'ya'yanta biyu, muka haɗa hannu a kan tukunya ɗaya. Ni ke dafawa, ita ke nemo toka. Sabulu ba ya yiwuwa sai da toka: a zuba ta a tukunya mai huji, a tsiyaye ruwanta, a dafa da mai har ya kama jikinsa. Tokar kara tana yi, amma babu kamar tokar ɓawon gyaɗa.

Injin Alhaji yana bayan gari, ta hanyar gulbi. Can ake ɓare gyaɗa a ɗura a buhu, ɓawon kuma a kwashe a zuba cikin wani tsohon kududdufi da ke cikin filin, a sa masa wuta. Wanda bai san wutar ɓawo ba zai rantse ta mutu. Sama toka ce fara lumui, ko hayaƙi babu, kaza ma sai ta bi ta kai ta wuce. Ƙasa kuwa garwashi ne ke ci a hankali, kwana da kwanaki. Shi ya sa aka raba ramin biyu, gabas da yamma, ana ƙona wannan gefe wancan yana hucewa. Gambo mai gadi yana da wani dogon kara da ya ɗaura wa jan tsumma, gefen da ke da wuta nan yake kafa shi. Mata su shigo ta wata kafa da ke jikin wayar shinge, su dubi tsumma, su nufi ɗaya gefen, su cika kwandunansu su fita. Kowace ta ajiye wa Gambo ɗan curin sabulu. In salla ta zo mu haɗa kwando guda a kai gidan Alhaji a Gusau, ba a kuma taɓa dawo mana da shi an ce ba a so ba. Shekara da shekaru haka ake yi.

Shekarar da aka kawo naira, Alhaji ya sayi gona a Wonaka, wani ya gaya masa toka taki ce. Nan da nan abin da yake neman kai da shi ya zama dukiya. Aka toshe kafar waya da ƙaya, aka kafa allo mai rubutun boko. Daga baya na ji wai allon cewa yake ba a shiga. Babu mai karatun boko a cikinmu, amma ƙaya ba ta buƙatar karatu, mun gane abin da ake nufi. Mata suka janye ƙayar suka ci gaba da shiga, Huseina na cikinsu. Shekarar fari ce, ɗan karan da aka samu dabbobi sun cinye, in ba tokar nan ba sai dai mu kife tukunya. Ba da izini ta shiga ba. Ban taɓa ce wa kowa da izini ta shiga ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, ta duba ba ta ga tsumma ko'ina ba, ta ɗauka gefen biyu duk sun huce. Ta taka gefen gabas, ta ɗan yi gaba, sai toka ta burma da ita har gwiwa. Gambo ne ya jiyo ta, ya miƙa mata manjagara ya jawo ta waje. Takalmin robar da ke ƙafarta ya narke ya manne da nama. A kan amalanke aka kawo mini ita. Ba ta ko kuka, sai haƙoranta da ke haɗuwa.

Muka sa ta a motar 'yan kasuwa zuwa asibiti a Gusau. Wata nas, Dibora, ita ta zauna tana cire robar kaɗan kaɗan da wani ɗan ƙarfe, tana yi tana ce mata sannu ƙanwata. Yatsu biyu na ƙafar hagu ba su tsira ba.

Ina can ina jinya labari ya same ni. Ranar kasuwar Bungudu Alhaji ya zo awon gyaɗa, wani ya yi masa jaje, sai ya tsaya gaban rumfar masu hatsi, a gaban kowa, ya ce: "Ɓarauniya ce. Wadda ta shiga filin mutane sata, abin da ya same ta ita ta saya."

Da na dawo gida ɗaukar kaya na tarar maganar ta riga ni. Jikokina sun daina fita wasa, ana kiran su 'ya'yan ɓarauniyar toka. Matan da suka shekara suna wanka da sabuluna sai su wuce faifaina suna kallon gefe. Da la'asar kuma ga Yusha'u, ɗan ƙanen Alhaji mai kula da inji, a ƙofar gidana, ko sallama mai kyau babu. Ya ce Alhaji ya ce in kama bakina. In na ɗaga murya, 'yan sanda za su ɗauke Huseina daga gadon asibiti su rufe ta da laifin sata. Na ce masa in za su zo su taho da mai goyo, don ba ta tafiya.

Na je wajen mai unguwa. Ya ce in yi haƙuri, fili nasa ne, waya tasa ce, yarinya ta shiga inda aka hana. Na tambaye shi, in akuyata ta tsallaka shinge ta shiga gonar wani, mi ake yi? Ya ce a kama ta a kawo masa, a duba ɓarna, mai ita ya biya. Na ce in mai gona ya sare mata ƙafa fa? Ya ce to nan shi ma ya ɗauki laifi, sai ya biya akuya. Na ce ashe a garin nan akuya ta fi ɗiyata gata. Ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma, ya ce ni dai Ladidi ba a iya mini. Ƙanena Lawali tela ma haƙurin ya ba ni. Ya ce Yaya, mutumin nan ya je Makka, yana cin abinci da manya, ke da mi za ki ja da shi? Na ce da bakina. Na ce ya koma kan kekensa, in na gama zan kawo masa zane ya ɗinka mini na murna.

Dibora ce kaɗai ba ta ce in yi haƙuri ba. Tana canja wa Huseina bandeji ta ce mini, Mama, ni ba lauya ba ce, amma kotu ba ta masu rawani kaɗai ba ce, je ki faɗi abin da kike faɗa mini kullum. Ta ce sai dai in nemi wanda ya gani da idonsa. Huseina kuwa daga kan gado abu ɗaya take maimaitawa: Inna, wallahi ba tsumma. Na duba, ba tsumma.

Gambo ya san inda tsumma ya tafi. Na koma Bungudu neman sa, aka ce tun washegarin abin Alhaji ya ɗauke shi ya mayar Tsafe, gadin wani sito. Na hau motar Tsafe. Na same shi a gindin wata bishiya ƙofar siton, hannunsa na dama naɗe da tsumma, ashe shi ma ya ƙone wajen jawo ta. Da ya hango ni ya miƙe kamar zai shige ciki, sannan ya tuna ba shi da inda za shi, ya shimfiɗa mini buhu. Muka gaisa. Ya tambayi mai jiki. Na kwance bakin zanena na ajiye masa abin da Dibora ta ciro, baƙar roba a dunƙule, na ce ga mai jiki nan, gaishe ta.

Ya dubi robar. Sannan ya gaya mini. Alhaji da kansa ya zo bayan inji ya ga sawun mata a bakin rami, ya ga karan tsumma a kafe. Ya ce wato kai ke nuna musu hanya. Ya tumɓuke karan da hannunsa ya karya a gwiwa, ya ce kada a sake kafawa, kada kuma a gaya wa kowa; in ɗaya ta ji ɗumi a ƙafarta sauran za su koyi hankali. Gambo ya ce ya so ya aika wa mata, Yusha'u ya tsare shi da aikin buhuna, kafin ya samu kansa Huseina ta shigo.

Na ce to sai ya zo Gusau ya maimaita.

"Inna, ina da yara. Wannan gadin shi ne tuwonsu."

"Ita ma tana da yara. Ƙafar nan ita ce tuwonsu."

Ya yi ta murza hular da ke hannunsa. Can ya ce shi dai ba zai kai kansa ba, ba zai kuma ce ya gan ni yau ba. Amma in sammaci ya zo, aka ɗora masa Alƙur'ani, ba zai sayar da lahirarsa don buhun gyaɗar wani ba. Na ce ya ishe ni. Na ɗaure robata na tashi. Ya bi ni har tasha yana roƙon in karɓi dafaffen rogo in kai wa Huseina. Na karɓa.

Na shigar da ƙara a Gusau. Magatakarda ya tambayi wa zai yi magana a madadina, na ce wadda ta haife ta. Aka yi ta ɗaga zama, yau Alhaji ya yi tafiya, gobe Alhaji ba ya jin daɗi. Ni kuwa kowane zama ina nan tun kafin a share ƙofar kotu. Har masu sayar da ƙosai na wurin suka san ni, in sun hango ni su ce ga mai ƙarar toka ta iso.

Ranar da Alhaji ya zo, ya zo da babbar riga mai aiki har ƙasa, Yusha'u na biye da shi riƙe da jaka. Ni kuma na sa an ɗauko Huseina daga asibiti, Lawali ne ya goyo ta daga mota, don da ya ga abin ya zama gaske kunya ta hana shi zama a shago. Alƙalin tsoho ne siriri, mai farin gemu, ba ya ɗaga murya. Ya ce in faɗi ƙarata. Na faɗa tun daga sabulu har yatsu. Da na zo kan akuya, mutane suka yi dariya, ɗan sanda ya tsawatar.

Alhaji ya ce shi ba ya jayayya da tsohuwa. Filinsa ne, ya kewaye, ya kafa allo, ya toshe kafa. Wanda ya tsallake wannan duka, ina ruwansa da abin da ya tarar? Ya ce shi mutumin Gusau ne, harkarsa awo da mota, bai san bayan inji ba, bai san wani rami gabas ko yamma ba, bai taɓa jin labarin wani tsumma ba. A iya saninsa toka toka ce, in an ƙone abu ya huce shi ke nan.

Aka kira Gambo. Ya yi alwala, aka ɗora masa Alƙur'ani, ya faɗi abin da ya gaya mini a Tsafe, bai rage ko kalma ba. Bai kalli Alhaji ba har ya gama. Alhaji ya yi murmushi ya ce wannan bawan Allah da sabulun matan nan yake wanka, mi ake so ya ce? Kuma shaida ɗaya ce. Alƙali ya juyo ya tambaye ni ko ina da wata shaidar da ta ji Alhaji ya ba da umarnin nan. Ba ni da ita. Na dubi Huseina a kan tabarma, ƙafafunta naɗe fari fat kamar an yi musu likkafani, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Allah gafarta Malam, ya ce toka toka ce. Ramin na nan, bai gudu ba. A je ya taka mu gani."

Alhaji ya ce wannan cin mutunci ne. Alƙali ya tambayi Gambo ko har yanzu ana ƙona ɓawo, Gambo ya ce kaka ce, ba a fashi. Alƙali ya naɗe takardunsa ya ce a fito da motar kotu, yanzu za a je. Ina kallon Yusha'u, na ga ya fara ja da baya yana neman ƙofa. Na san in ya riga mu Bungudu gangunan ruwa zai sa a kwarara wa ramin. Na tashi na tsaya a bakin ƙofa na buɗe hannuwa, na ce Yusha'u ɗana, ina za ka da sauri haka, ko fitsari ne? Kotu ta kwashe da dariya. Alƙali ya ce Yusha'u ya shiga mota ɗaya da shi, kusa da shi.

Kafin mu isa labari ya isa. Matan unguwarmu sun cika bayan waya, har da waɗanda suka daina sayen sabuluna. Mai unguwa ma ya zo yana ta gyara rawani. Rana tsaka, inji yana ta ƙara. Ramin na nan shimfiɗe, fari daga wannan baki zuwa wancan, babu hayaƙi, babu tsumma, gabas da yamma ba ka bambancewa. Ni da na tsufa a cikin toka, wallahi ban san gefen da ke ci ba a ranar.

Alƙali ya zagaya ya dubi kafar waya, ya dubi allo, ya sa magatakarda ya karanta masa. Ya tambaya ko allon ya ambaci wuta, aka ce a'a. Sannan ya ce wa Alhaji, to ga toka. Alhaji ya ce shi ba zai tattare riga ya shiga juji don wata tsohuwa ta ji daɗi ba, da girmansa. Alƙali ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, ba a tilasta wa mutum. Ya ce shi da ya zo duba wuri, bari ya duba. Ya miƙa wa ɗan sanda sandarsa, ya tattare rigarsa, ya gangara bakin ramin ta yamma, ya ɗaga ƙafa.

Alhaji ya yi tsalle ɗaya ya cafke masa riga ta baya.

"Malam, ba nan ba! Nan ke da wuta. Ta gabas za ka bi."

Inji kaɗai ke magana a wurin. Alƙali ya mai da ƙafarsa ƙasa a hankali, ya juyo ya dubi hannun da ke riƙe da rigarsa, har Alhaji ya saki. Ya ce, Alhaji, na gode, ka tsirar da ƙafata. Ya karɓi sandarsa ya soka a wurin da zai taka, ta shige kamar a cikin kunu. Da ya zaro, bakinta ya yi baƙi yana hayaƙi.

Ni ban iya shiru ba. Na ce ashe ya san gabas, ya san yamma. Ashe yana da bakin da zai ce kada a taka. Ƙafar mai rawani ce kawai ke da zafi. Wata daga bayan waya ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, ɗan sanda ya yi ta ɗaga hannu, ina, babu mai jin sa. Ko alƙali da gaske zai taka, ko gwada shi ya yi, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

A zama na gaba ya yanke hukunci. Da mu ya fara. Ya ce Huseina ta yi laifi da ta shiga inda aka toshe, ita da sauran matan, kuma mai fili yana da ikon ya hana tokarsa. Ya ce in gaya musu kada wadda ta sake janye ƙaya. Na ce na ji, zan gaya musu. Sannan ya juya ga Alhaji. Ya ce shinge yana ba mutum ikon ya kori wanda ya shigo, ya kama shi, ya kai shi gaban hukuma. Ba ya ba shi ikon ya ɗana masa wuta. Ya ce ka san suna shigowa, ka ga sawunsu. Ka san akwai wuta a ƙarƙashi, mun ji daga bakinka. Abin da ke tsare su kara ne da tsumma, ba ya cin ka komai, ka karya shi da hannunka don wani ya ƙone. Wanda ya yi haka ba zai fake da cewa ba a nemi izininsa ba.

Ya ɗora masa jinyar Huseina duka, da diyyar yatsunta, da ciyar da 'ya'yanta har ta taka ƙasa da ƙafarta. Ya ce a kewaye ramin da kansa da gini, kafin a gama kuma a mai da tsumma. Ya ce kada ya ji an taɓa aikin Gambo. Maganar sata kuwa, ya ce matar da ta shekara tana kwasar toka da rana tsaka, mai gadi na kallo, sabulun kuma yana shiga gidan mai tokar, ba ɓarauniya ba ce. Ya ce inda Alhaji ya faɗi kalmar nan, can zai koma ya janye ta da bakinsa.

Da muka fito masu ƙosai suka cika mini faifai suka ƙi karɓar komai. Lawali yana tafe yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ai yayarsa ce, tun suna yara ba a taka ta. Na bar shi ya ci bakinsa. A Bungudu mata suka tare mu tun daga bakin titi. Sabulun da ya yi wata yana kallona a faifai, ranar kasuwa ɗaya ya ƙare, har da masu cewa a ajiye musu na gaba. Mai unguwa ya aiko a gaishe da mai jiki. Yanzu in ka bi ta hanyar gulbi za ka ga katanga ta kewaye ramin, da ƙofar kwano. Toka kuma muna samu wajen masu gashin tukwane, ba ta kai ta gyaɗa kaifi ba, amma ba ta cin mutum. Huseina ta dawo gida. Tana dogara sanda daga ɗaki zuwa murhu, ita ke juya tukunya yanzu, ni ke fita. Buhun gero yana zuwa daga Gusau, direba ya sauke ya juya ko ruwa ba ya sha.

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune gaban faifaina sai ga Yusha'u gaban rumfar masu hatsi, ya yi gyaran murya, wai Alhaji ya aiko shi ya sanar cewa maganar da aka yi kwanaki kuskuren fahimta ce. Na tashi na je na tsaya gabansa. Na ce ɗana, kai ka ce ɗiyata ɓarauniya ce a nan? Ya ce a'a. Na ce to sauka, ba da kai ake ba.

Alhaji Tukur, da kai nake. Ba aike ka yi ba ranar da ka kira ta ɓarauniya, da ƙafarka ka zo, da bakinka ka faɗa, masu hatsi na nan da ransu sun ji. Gero ya iso, na gani, ba gero ya zage ta ba. Alƙali ya ce da bakinka, ni ma na ce da bakinka. Na san hanyar kotu yanzu, direbobin Gusau duk sun san ni. Kasuwa na ci gobe. Zan sa a kawo Huseina a zaunar da ita gaban rumfar nan, da 'ya'yanta biyu a gefenta. Ka zo ka tsaya gabanta, ka dubi ƙafar, ka gaya wa Bungudu wanda ya karya karan tsumma da dalilin da ya sa ya karya shi.